Birkin Hanyar Funtuwa

Felicia ta tarar da Barnabas tsugune a rumfarsa ta gyara a Tudun Wada, ya kwance ƙafar bayan babur ɗinsa. Sallama ta zo yi masa, domin an mayar da ita koyarwa Funtuwa, kuma ta gaji da jiran maganar da ya kasa furtawa.

"Jibi zan tafi," ta ce.

"Na ji, Malama." Bai ɗago ba. Wani babban kwanon birki yake gogewa, wanda ya ciro daga mataccen babur na soja tun na zamanin yaƙi.

Ranta ya sosu. "Tsohon ƙarfe ma ya fi ni samun kulawarka. Me ya sami birkin naka?"

"Lafiyarsa ƙalau, sai dai na mutum ɗaya ne." Ya jujjuya sufana a hannunsa. "Wannan ya fi kamawa. Hanyar Funtuwa akwai gangara, ni kuwa ba zan ɗauki matata da birkin da ban yarda da shi ba."

Sai lokacin ta lura da sabon mazauni na jar fata da ya ɗaura a baya. Ta shafa shi da yatsa.

"Matar taka ta sani?"

Ya ɗago ya dube ta. "Yanzu take ji."

Felicia ta kau da kai tana gyara ɗankwali, don kada ya ga murmushinta.

"Gobe bayan sujada a coci Baba yana gida. Ka zo da kawunka, kuma a ƙafa, don Baba ba ya son ƙara."