Shirun Afra

Afra ba ta cika shekara biyar ba, amma jakar makarantarta sai an taya ta ɗauka. Mahaifinta Halliru tela ne a Sabon Garin Wudil. Bai yi nisa a boko ba, abin kuma yana yi masa ciwo, don haka ya ƙudura a ransa sai 'yarsa ta zo ta ɗaya a ajinsu na nazare.

Daga boko sai lesin, daga lesin sai Islamiyya. In an idar da Magariba ya zaunar da ita a tabarma ya miƙa mata fensir. Da ta jiyo yara suna 'yar gala-gala a waje ta waiga, sai ya daka mata tsawa.

"Baban Afra, yarinyar nan fa ta gaji," in ji matarsa Rahinatu.

"Gata nake yi mata. So kike ta tashi kamar ni?"

Da sakamako ya fito, Afra ta zo ta tara. Halliru bai dake ta ba. Cewa kawai ya yi, "Kin ba ni kunya," ya kau da kai.

Tun daga nan yarinyar da ke cika gida da surutu ta yi tsit. Ta koma fitsarin kwance. Da safe in ta ga yunifom sai ta riƙe ciki tana kuka, in ta buɗe baki kuma sai i'ina. Likita ta duba ta tsaf, ta ce, "Malam, jikinta lafiya lau. Tsoro ne ya yi mata yawa."

Da kakarta Iya Indo ta ji labari, ta zo ta tafi da ita ƙauyensu Utai.

Wata Juma'a Halliru ya kai musu ziyara. Daga zaure ya hango Afra cikin yara, suna gina tukwanen wasa da laka, tana ta ƙyalƙyala dariya. Daɗi ya kama shi, ya kira sunanta.

Tana ganinsa dariyar ta ɗauke. Ta miƙe zumbur, ta ɓoye hannuwa a baya, ta fara ƙirga da Turanci, "Wa-wa-wan... tu... ti-tiri..."

Babu wanda ya tambaye ta.

Idanun Halliru suka kawo ruwa. Ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa, ya sassauta murya. "Ba karatu na zo tambaya ba, Mamana. Ke na zo gani. Za ki koya mini ginin tukunya?"

Ta daɗe tana kallonsa. Can ta tsuguna, ta gutsiro laka, ta ɗora masa a tafin hannu.

Afra ta dawo gida, ta koma makaranta, an soke lesin. Tana wasa, tana da ƙawaye. Amma i'inar har yau ba ta sake ta ba, kuma duk sanda harshenta ya sarƙe, Halliru yakan sunkuyar da kai.

Iyaye, ƙaramin yaro yana buƙatar wasa, abokai da kwanciyar hankali kafin lambar ɗaya. Karatu yana iya jiran yaro ya girma, amma tsoron da muka dasa masa yana ƙarami da wuya ya fita.