Baba Mai Shara Ta Iya Afirkans

Ranar da ta fahimci jimlar farko, saura kaɗan Baba mai shara ta rangaɗa guɗa.

Wata shida tana koyon yaren Afirkans a waya, tun daga unguwarsu Manfuha tana ta maimaita "ek is, jy is" cikin bas har asibitin da take shara, don kawai ta ji gulmar da nas-nas ɗin Afirka ta Kudu ke yi wajen shan shayi.

Ran nan doguwar nas ɗin ce ke ce wa gajeriyar da Afirkans, "Tsohuwar nan ta san sirrin kowa a asibitin nan. Ina ma muna jin yarenta."

Baba ta jingine tsintsiya, ta jawo kujera, baki har kunne.

"'Yan nan, ku matso," ta ce da ɗan Afirkans ɗinta. "Da likita za mu fara, ko da mudir, shugaban asibitin?"