Tafin Hannu a Buɗe

A taƙaice: ni, akawu mai ritaya wanda bai taɓa buɗe hannu ya karɓi cin hanci ba, na shiga koyon kaɗa kwanon tagulla mai waƙa a garin Patan na ƙasar Nepal, saboda hawan jini.

Kwanon ya yi gum.

"Baba, ka shaƙe shi kamar fayil," in ji maƙerin da ke koya mini. "Buɗe tafin hannu ya zauna."

A bakin haikali na buɗe hannu, na rufe ido, na zagaya leɓen kwanon da sanda. Ya kama waƙa. Sai tsabar kuɗi ta faɗa ciki, waƙar ta mutu. Na buɗe ido: tsohon shugaban ofishinmu ne ya jefa.

"Ayya," ya ce, "har ta kai ga haka?"

Asara: mutuncin shekara talatin. Riba: rupi biyar.