Taikin Gero da Rigar Gwadabe

Gero bai ko fid da kai ba Goggo Laure ta yi sallama a zauren Malam Gwadabe, ta ce mai gero yana son geronsa.

Wannan fa zalunci ne, kowa ya shaida. Taiki guda Gwadabe ya karɓa ta hannunta da bazara, kuma duk garin Ɗanzomo an san bashin kaka da kaka ake biyansa. Amma tsohuwar nan, dillaliyar da ke shiga gidajen matan kulle da kaya ta fito da kaya, ta tsuguna ta ce ita 'yar aike ce, mai abu kuwa ba ya son a ambaci sunansa. Saƙonsa gajere ne: ko gero kafin kasuwar Alhamis, ko rigar da aka saya da shi.

Riga! Tsohuwa ta taɓo inda ke da ciwo. Ranar da ya karɓi geron nan ko gida bai kai shi ba, ya wuce da shi Maigatari ya mai da shi riga mai aska biyu, baƙa wulik, tana sheƙi kamar bayan buzuzu. Ita ta mai da Gwadabe Malam Gwadabe dillalin raƙuma, don Buzu ba ya miƙa akalar raƙuminsa ga mai tsumma. Tuwon gida kuwa Allah na rufa asiri, tunda matarsa Zuliha tana tuyar ƙuli-ƙuli, shi kuma ba mutum ne mai yawan tambaya ba.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne lokacin. Jiya-jiyan nan, yana shan fura a tsakar gida, ya ba Zuliha labarin dabararsa: da an yanke gero zai tsallaka iyaka ya shiga ƙasar Faransa, can wajen Damagaram, cin rani, Goggo ta bi shi Damagaram da sandarta in ta isa. Zuliha ta ci gaba da murza ƙulinta. Ban da ita ba wanda ya ji sai kaji. Gwadabe ya yanke hukunci cewa tsohuwar nan da aljanu take aiki.

Ya je wurin Ishaƙ ma'auni neman rance, Ishaƙ ya kama yi masa labarin ciwon baya. Ya je wurin amininsa Hudu, Hudu ya ce rumbunsa ko ɓera ya yi ƙaura. Abokan zamani ke nan. A hanyar dawowa jakinsa ya riƙa nutsewa cikin rairayi, Gwadabe ya dubi rairayin, ya yi murmushi. Wanda Allah ya ba basira ai bai hana shi komai ba.

Ya ɗura yashi a taiki har kusa da wuya. Saura na rufe baki. Da Zuliha ta shiga maƙwabta barka, ya lallaɓa ɗakinta ya buɗe randar bayan gado, sai ga ta cike da gero, abin da bai taɓa sanin tana da shi ba. Ya kwashi abin da ya ishe shi. Abin mace ai na mijinta ne, a fatawarsa.

Goggo ta zo ran Laraba, ta tura hannu cikin taikin iya wuyan hannu, ta dube shi.

"Ɗan nan, har gindi gero ne?"

"Haba Goggo! Ni? In aka sami ko tsakuwa ɗaya, rigar nan ta zama halal ga mai gero. Ki zama shaida."

"Na zama."

Ya ɗora mata a jaki da kansa. Maimakon ta miƙe titi sai ta karkata lungun bayan gidansa. Tsufa ke nan, ko hanya ba ta ganewa.

Ran Juma'a bayan an sauko, Gwadabe ya gayyato Ishaƙ da Hudu cin tuwo, don su ga yadda mutum ke fita kunya ba da taimakon kowa ba. Ya baza riga a kan buzu, ya kishingiɗa. Aka miƙo akushi biyu daga cikin gida, babba na baƙi, da wani ƙarami mai faifai na maigida shi kaɗai.

"Kun ga yadda ake girmama miji," in ji shi.

Ya kai loma. Ƙaras! Har cikin kunne. Ya saci kallon baƙi, suna ta zuba loma suna yabon miya. Ya sake kai wata, ya tauna yana murmushi, idanu na ruwa. A ta uku haƙuri ya ƙare. Ya tattare riga ya faɗa cikin gida.

Zuliha na zaune bakin murhu tana firfita. Gefenta Goggo Laure ce ta miƙe ƙafa tana cin goro, ga wani taiki jingine da turmi.

"Ke! A gidan wane marar tsoron Allah kika samo geron nan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Bashina aka biya ni shekaranjiya, Malam. In ka gama cin yashinka, ka tuɓe mini rigata."