Farar Ambulan

Tae-gon ya zaɓi shagon miyar da ya fi kowanne araha a layin, kamar kullum. Yeon-ju ta zauna gabansa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Na gama biya," ya ce. "Ba wanda ke bi na ko won ɗaya." Ya turo mata ɗan akwatin zobe.

Ta kalli wuyan rigarsa da ya koɗe. Ita ta koya masa wannan tsimin. Ita ta sa almakashi ta datse katin bashinsa, ta saba masa da tafiya ofis da abincin gida.

"Ranar makokin Baba, ina ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin san ba a shiga gidan makoki ba farar ambulan mai kuɗi a ciki. Watan nan ban ware kuɗin gaisuwa ba. Kunyar zuwa hannu rabbana na ji."

"Baba bai bar ɗa namiji ba, Tae-gon. Mama ta gaya wa dangi kai za ka tsaya ka karɓi masu gaisuwa. Har aka ɗauke shi idonta na kan ƙofa."

Yau ko Yaya ba ta kira shi ba, kamar yadda ta saba tun farkon soyayyarsu.

"Amma yanzu ina da hali..."

"Ai na gani."

Ta mayar masa da zoben, ta ajiye kuɗin miyar da ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta miƙe.

"Ga nawa. Kar in ɓata maka lissafin wata."