Kalmar da Ta Saki Kulu

Malam Salmanu mutum ne da ba ya rantsuwa sai da auren matarsa. In an yi gardama kan farashin gero, sai ya ce, "A bakin auren Kulu." In a kan ganin wata ne, a bakin auren Kulu. Ita kuwa tana cikin gida tana jin yadda ake jefa ta a caca.

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Zariya, Salmanu ne mai awon auduga a kantin wani Baturen ƙasar Girka da mutanen Tudun Wada ke kira Mai Tabarau. Ran nan Mai Tabarau ya kore shi a gaban manoma. Salmanu ya dawo zaure yana huci, ya ɗaga yatsa a gaban maƙwabta.

"In na ƙara furta kalma ɗaya ta harshen mutumin nan, Kulu ta saku, saki uku!"

A ganinsa ya yi rantsuwa mai arha, don gaisuwa kawai ya iya da Girkanci. Sai dai a cikin shaidu akwai Malam Nagoda, masanin lugga, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Nagoda ya shafa gemu, ya ce, "To, ka kiyayi kalmar alƙalami. Daga wurin Girkawa Larabawa suka aro ta, su kalamos suke cewa. Karatun Alƙur'ani ba ya cikin rantsuwar, amma hira tana ciki."

Salmanu ya yi zufa.

Kulu ce ta fi kowa shiga damuwa. Ta durƙusa ta roƙi izini ta riƙa zuwa wurin yayarta Hajo, wadda ke dafa wa Mai Tabarau abinci. Shi Baturen ba abin da ke masa daɗi kamar ya nuna cewa kowace kalma ta duniya daga garinsu ta fito. Hajo ta tambaye shi, Kulu ta haddace, ta kawo wa miji.

"Malam, ban da takarda," in ji ta, kai a sunkuye. Bayan kwana biyu, "Ban da dirhami." Daga baya Linjila ta bi, ƙamus ma ya bi.

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai ga shi yana magana kamar mai taka ƙaya. Alƙalami ya koma "karan nan," takarda ta koma "farin abin nan." Masu shago suka riƙa miƙa masa gishiri in ya nemi farin abin nan, suna danne dariya. Matan unguwa kuwa sai yabon Kulu suke yi, ga yarinya mai tattalin aurenta.

Da aka kwana biyu bai yi tuntuɓe ba, bakinsa ya dawo. Ya fara cewa shi ya fi Girkawan sanin harshensu. Kulu ta ba shi shawara cikin ladabi ya tara waɗanda suka ji rantsuwar, har da Malam Nagoda, su ci tuwo su ga yadda ya riƙe alkawari. Shawarar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya ce dama abin da yake tunani ke nan.

Ranar Juma'a zaure ya cika. Kulu ta turo akushi ta bayan asabari, ta ɗan tsaya.

"Malam, gardama muka yi da Yaya Hajo," ta ce da ƙaramar murya. "Wai wane ne ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada? Ni na ce Fir'auna ne."

Zaure ya kwashe da dariya. Salmanu ya gyara zama, ya dubi baƙinsa.

"Kun ji jahilci ko? Iblis ne, ke! Iblis!"

Malam Nagoda ya ajiye lomarsa a hankali.

"Diyabolos," ya ce. "Daga nan Iblis ya samo asali, kalmar Girkawa ce, Salmanu. In kana musu, a aika wa Mai Tabarau."

Aka aika. Mai Tabarau ya aiko da amsa cewa tasu ce tun kaka da kakanni, har da gaisuwa ga tsohon ma'aikacinsa. Salmanu ya ce suɓul da baka ne, ya ce ilimi yake bayarwa, ya fara cewa "a bakin auren..." sai ya tuna babu auren.

Kulu ta ɗaure kayanta, mayafi a fuska, kafaɗunta na rawa. Mata suka raka ta suna ba ta haƙuri. A hanyar Gyallesu, unguwar iyayensu, da suka rage ita da yayarta, Hajo ta dube ta.

"Ke Kulu, ba wannan ce kalmar da na fara kawo miki ba?"

"Ita ce, Yaya," in ji Kulu, tana gyara ƙunshinta. "Ajiye ta na yi sai ranar da shaidu suka cika."