Nauyin Gaisuwa

Ta share gaisuwar gaba ɗaya, ta danna, saƙon ya tafi.

Tun da aka haɗa kwamfutar ofishinsu na Sama Road da ta Alhaji mai kamfanin a Legas, saƙonnin Manaja ke mutuwa a hanya. Ita ce mai digirin kwamfuta, ita kaɗai ce mace, don haka kullum laifin nata ne. Manaja ya rantse in yau ma abin ya ƙi, namiji zai ɗauko.

Sai yau ta gano layin yana da iyakar abin da yake ɗauka a tashi ɗaya. Manaja kuwa ba ya shiga magana sai ya yi sallama, ya jero kirari, ya gaida iyali, ya yi addu'a.

"Mi kinka yi?" ya tambaya.

"Kaya na rage mishi, ranka shi daɗe."

Kafin la'asar amsa ta dawo. Manaja ya karanta a fili, muryarsa tana raguwa: saƙo ya iso, amma marar tarbiyyar da ya rubuto babu gaisuwa, a kore shi.

Ta san a kanta korar za ta faɗa. Ta rataya jakarta.

"To, ku gaida Alhaji," ta ce, "in layin ya ɗauka."